A Sawun Tulun Santi Talatin

A ƙarshen watan Satumba na shekarar 2024 na sauka a birnin Minneapolis da ke jihar Minnesota a arewacin Amurka, domin in duba ɗan yayata wanda a lokacin yake shekararsa ta uku a jami'ar jihar. Ban zo da niyyar kallon wasa ba, amma tun a hanyarmu daga filin jirgin sama ya shaida mini cewa ya riga ya saya mana tikiti biyu. Ya ce, "Kawu, ranar Asabar za mu je Michigan mu karɓo tulunmu." Na tambaye shi wane tulu ne wannan da za a yi masa tafiyar fiye da kilomita dubu, sai ya ce tulun ruwa ne na yumɓu, kuma jami'o'i biyu ne suke jayayya a kansa tun shekarar 1903. Wannan amsa ce ta sauya mini tsarin tafiyata, domin na ƙudura a raina cewa kafin ranar wasan sai na ga inda aka tsinci tulun da kuma garin da aka gina shi.

Wasan da ake magana a kai shi ne ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, wadda hannu ya fi ƙafa aiki a cikinta. Kowane ɓangare yana da mutum goma sha ɗaya, kuma masu riƙe da ƙwallo suna da dama huɗu su ci gaba da yadi goma, in sun kasa su miƙa ta ga abokan karawa. Wanda ya kai ƙwallo ƙarshen fili ya sami maki shida. A can ƙungiyoyin jami'o'i suna da magoya baya da filaye waɗanda ba su gaza na ƙwararru ba, kuma manyan abokan hamayya sukan ajiye wani abu da wanda ya yi nasara zai tafi da shi gida har sai an sake haɗuwa. Jami'ar Minnesota tana karawa da ta Wisconsin a kan wani ƙaton gatari, tana karawa da ta Iowa a kan mutum-mutumin alade na tagulla, amma wanda ya girme su duka shi ne tulun da ke tsakaninta da Jami'ar Michigan, wanda suke kira Little Brown Jug, wato ƙaramin tulu mai ruwan ƙasa.

Washegari da hantsi muka tsallaka kogin Mississippi ta gadar Washington Avenue, wadda ta haɗa ɓangarorin jami'ar biyu, ya kai ni gaban wani tsohon gini mai hasumiya da ake kira Armory, wanda aka gina a 1896. A gefen wannan gini ne filin Northrop yake a da, kuma yanzu gine-ginen karatu sun cinye wurin, babu ko alamar ciyawa da za ta nuna cewa an taɓa tara jama'a a nan. A wannan fili, ranar 31 ga Oktoba, 1903, Michigan ta zo baƙunta ƙarƙashin kocinta Fielding Yost. Tun da Yost ya kama aiki a 1901 ƙungiyarsa ba ta taɓa shan kashi ba, ba ta kuma taɓa yin kunnen doki ba, ta ci wasa kusan talatin a jere. A shekararsa ta farko ma yaransa sun tara maki 550 ba tare da an ci su ko ɗaya ba, har ake yi musu kirari da masu maki ɗaya a kowane minti.

Mai irin wannan suna ba ya shiga garin abokan hamayya da sakin jiki. Labarin da aka riƙe shi ne cewa mutanen Michigan sun ji tsoron kada a sa musu wani abu a ruwan sha, saboda haka aka aiki wani ɗalibi mai kula da kayan ƙungiya, Thomas Roberts, ya je ya sayo abin zuba ruwa. Ya shiga wani kanti ya sayo tulu mai cin galan biyar, wato kusan lita 19, a kan santi talatin na kuɗin Amurka, ƙasa da sulusin dala ɗaya. Ana cewa a unguwar Dinkytown kantin yake, wadda har yau ita ce kasuwar ɗalibai a bakin jami'ar, kuma can muka ci abincin rana a wannan yini. Ina zaune ina kallon ɗalibai suna wucewa da jakunkuna a baya, na yi ta tunanin cewa zargi ne ya sa aka sayi wannan tulu, ba zumunci ba, kuma yaron da aka aika bai ɗauke shi da wata daraja da ta wuce ta kowane mazubi ba.

Kimanin mutum dubu ashirin ne suka kalli wasan, wasu a kan bishiyoyi, wasu a kan turakun waya. Michigan ce ta fara ci bayan an dawo daga hutun rabin lokaci, ta sami maki shida, domin a dokar wancan zamani kai ƙwallo ƙarshen fili maki biyar ne, sai bugun da ke biye ya ƙara ɗaya. Ana dab da tashi, duhu ya fara shiga, yaran koci Henry Williams na Minnesota suka tura har suka rama, aka koma shida da shida. Nan take 'yan kallo suka ɓarke cikin fili, aka rasa yadda za a fitar da su, dole aka tashi wasan da sauran kusan minti biyu. Ga Minnesota wannan canjaras ya fi nasarori da yawa daɗi. Mutanen Michigan kuwa suka tattara nasu ya nasu suka nufi tashar jirgin ƙasa, suka bar tulun a ɗakin sauya kaya na Armory.

Wanda ya tsince shi mai shara ne kuma mai kula da ginin, Oscar Munson, baƙo daga arewacin Turai wanda harshensa bai gama faɗawa da Turanci ba. Ya ɗauka ya kai wa shugaban sashen wasanni, L. J. Cooke, ya ce masa Yost ya bar tulunsa. Maimakon su yi cigiya, sai suka samo fenti suka rubuta a jikinsa cewa wannan tulun Michigan ne wanda Oscar ya kama ranar 31 ga Oktoba, 1903, suka rubuta sakamakon wasan, amma suka yi shidan Minnesota ƙato, na Michigan ɗan mitsitsi. Daga nan aka rataye shi a rufin ofishin Cooke, ya shekara shida yana lilo a can. Abin da ya fi taɓa ni a wannan rubutu shi ne cewa sunan da ya fara hawa jikin tulun ba na koci ba ne, ba kuma na gwarzon ɗan wasa ba ne, sunan mai shara ne.

Ɗan yayata ya ba ni sauran labarin yadda ɗalibai suke ba wa juna: wai Yost ya rubuto wasiƙa yana neman a mayar masa da kayansa, Cooke ya amsa masa cewa in yana so ya zo ya ci wasa ya karɓa. Labari ne mai daɗin faɗi, amma Greg Dooley, wanda ya daɗe yana bin diddigin tarihin tulun, ya nuna cewa wannan wasiƙa ba ta da tushe, kuma sai gab da wasan 1909 ne mutanen Minnesota suka kawo shawarar a sa tulun a matsayin abin da za a kara a kai. Ni wannan bayani ya fi kwanta mini a rai. Babban koci wanda jaridu ke bin sa ba zai zauna ya rubuta wasiƙa a kan kayan santi talatin ba, kuma tulun bai zama abin nema ba sai da waɗanda suka tsince shi suka yi masa rubutu, suka rataye shi inda kowa zai gani, suka riƙa nuna wa baƙi shi har tsawon shekaru.

Ranar Laraba na bar ɗan yayata da karatunsa, muka yi alkawarin haɗuwa a Ann Arbor ranar Juma'a, na hau jirgin ƙasa na Borealis daga tashar St. Paul. Ba a yi sa'a guda ba muka isa Red Wing, wani ƙaramin gari a bakin Mississippi wanda wani dogon dutse ke tsaye a kansa. A wannan gari aka gina tulun. Tun daga 1877 kamfanonin tukwane suka kafu a nan saboda kyakkyawan yumɓun da ake haƙowa a karkarar da ke kewaye, suka riƙa yi wa manoma randunan gishirta nama, da tukwanen kaɗa madara, da tuluna na ruwa da na ruwan tsami. Sana'ar ta yi ƙarfi har zuwa lokacin da firiji da kwalba da roba suka shigo gidaje, kamfanin ya koma yin faranti da kayan ado, daga bisani ya rufe a 1967 bayan wani yajin aiki. Yanzu akwai gidan tarihi na tukwane a unguwar tsohuwar masana'antar, inda aka jera kayan daga ƙanana har zuwa randunan da yaro zai iya ɓuya a ciki.

A wani shagon tsofaffin kaya kusa da wurin na sami tulu mai galan biyar irin na wancan zamani, kuma mai shagon, wata dattijuwa, ta ba ni izinin in ɗaga shi. Kafaɗarsa a zagaye take kamar amya, wuyansa gajere, bakinsa ƙarami wanda toshiya ɗaya za ta rufe, da mariƙi ɗaya da aka liƙa daga wuya zuwa kafaɗa, an kuma buga masa lamba 5 da shuɗin launi. Launinsa fari-fari ne mai ɗan duhu kamar na ƙullun gero. Da na sa hannu biyu na ɗaga shi sai na ji nauyinsa tun babu komai a ciki, kuma a gindin mariƙin akwai ɗan lotsawa inda maginin ya danna da babban yatsansa kafin a gasa. Na sa yatsana a wurin ya zauna daidai. Tulun gidanmu da na sani ina yaro yana tsatsafo da ruwa ta jikinsa, shi ya sa ruwansa ke sanyi, amma wannan an gasa shi da wuta mai tsanani an kuma shafe shi da ƙyalli, ko ɗigo ba ya fita. A nan na gane cewa sunan da aka ba kofin bai dace da shi ba ta fuska biyu, domin ba ƙarami ba ne, kuma ba da ruwan ƙasa ya fito daga wuta ba, fenti ne ya sauya masa kama daga baya.

Ranar Alhamis na ci gaba da tafiya. Jirgin ya bi gaɓar kogi ta inda ya buɗe ya zama tafkin Pepin, ya tsallaka zuwa Wisconsin a La Crosse, ya ratsa gonakin masara har Milwaukee, muka shiga Chicago bayan magariba. Kusan wannan hanya tulun ya bi a 1909, lokacin da Michigan ta koma Minneapolis ta ci 15 da 6 ta tafi da shi. Ta sake ci a 1910, sannan aka daina haɗuwa na wasu shekaru saboda Michigan ta riga ta fice daga ƙungiyar wasannin jami'o'in yankin, sai a 1919 Minnesota ta je har gida ta lallasa ta 34 da 7 ta dawo da kayanta. A 1931 kuma tulun ya ɓace daga inda aka ajiye shi a Ann Arbor. Bayan 'yan makonni wasu mutane suka ajiye wani tulu a wani gidan mai suka gudu, Yost ya duba ya ce shi ne, ko da yake mutane da yawa ba su yarda ba. A 1933 aka tsinci wani a cikin shuke-shuke a harabar jami'ar, aka tabbatar cewa wannan ne na ainihi. Ke nan sau biyu wannan tulu yana zama kayan tsintuwa.

Shekarun da suka biyo baya su ne na ɗaukakar Minnesota. Ta riƙe tulun daga 1934 har zuwa 1942, wasa tara a jere, takwas daga ciki ƙarƙashin koci Bernie Bierman, kuma a cikin waɗannan shekaru ta zama zakarar ƙasa sau biyar. A cikin 'yan wasan Michigan da aka ci 34 da nema a 1934 akwai Gerald Ford, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka. A 1940 aka yi wasan da tsofaffi suka daɗe suna ambato, cikin ruwan sama da taɓo, inda Bruce Smith ya yi gudun yadi tamanin Minnesota ta ci 7 da 6, alhali Michigan tana da Tom Harmon, wanda aka zaɓa gwarzon ɗan wasan jami'o'i na wannan shekara. Minnesota ta sake yin tashe daga 1960 zuwa 1963, inda Sandy Stephens, baƙar fata, ya jagoranci 'yan wasanta a shekaru biyun farko, a lokacin da jami'o'i da yawa ba sa ba baƙar fata wannan matsayi. Daga nan sai rana ta juya. A jimlar haɗuwarsu Michigan ta ci fiye da sau saba'in, Minnesota ba ta kai talatin ba, shi ya sa magoya bayanta suke haddace shekarun nasararsu kamar ranakun haihuwar 'ya'yansu: 1977, da suka ci Michigan 16 da nema tana ta ɗaya a ƙasa, da 1986, da 2005, da 2014. Akwai kuma shekarar da ba sa son a tuna musu, wato 2003, cikar tulun shekara ɗari, lokacin da suke gaba da 28 da 7 a shiga kashi na huɗu kuma na ƙarshe na wasan amma aka tashi 38 da 35 Michigan ce da nasara.

Da safiyar Juma'a na hau jirgin da ake kira Wolverine, sunan dabbar da ƙungiyar Michigan ta ɗauka a matsayin laƙabi, na isa Ann Arbor da rana. Gari ne wanda jami'a ce zuciyarsa tun da aka dawo da ita nan daga Detroit a 1837, kuma a jajibirin wasa duk inda ka duba shuɗi ne da ruwan masara. A titin South University akwai wani tsohon gidan abinci da aka sa wa sunan tulun. A nan garin na ji sunan Jon Falk, wanda ya yi shekara arba'in yana kula da kayan ƙungiyar daga 1974, kuma shi ne ya riƙa ɓoye tulun a inda ba kowa ya sani ba, ya sa shi a akwatinsa, ya raka shi duk inda za a buga wasa. Na lura cewa tun daga Roberts da aka aika kanti, zuwa Munson mai shara, zuwa Falk mai ajiyar kaya, masu ƙaramin matsayi ne suka riƙe amanar wannan abu, kuma a ganina da ba don su ba da tuni ya fashe ko ya ƙare a ɗakin tarkace.

Ranar Asabar, 28 ga Satumba, gari ya waye da hadari da yayyafi. Filin wasan Michigan, wanda aka buɗe a 1927, an haƙa shi ne cikin ƙasa, saboda haka daga waje ba ya nuna girmansa, sai mutum ya shiga ta ƙofa ya ga rami ya buɗe a gabansa cike da mutum fiye da dubu ɗari, ba masaka tsinke. Ɗan yayata yana sanye da rigar jami'arsa mai ruwan zoɓo da ruwan zinariya, mu kaɗai a tsakiyar masu shuɗi, amma babu wanda ya ce mana uffan sai wani dattijo a gefena da ya miƙo mini ledar rufe jiki saboda ruwa. An fara da tsakar rana, kuma kafin hutun rabin lokaci Michigan tana da 21 Minnesota tana da 3. Da aka shiga kashi na huɗu an kai 24 da 3, wasu 'yan kallo har sun fara kama hanyar gida, yaron nan kuwa ya yi tagumi ya daina yi mini bayanin dokoki.

Sai abu ya juya. Minnesota ta kai ƙwallo ƙarshen fili sau biyu a jere, Michigan ta ƙara maki uku da bugu, sannan da sauran minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi Minnesota ta sake ci, aka koma 27 da 24. A dokar wasan, wanda ya ci shi ne zai buga wa abokin karawa ƙwallo, amma idan ta yi tafiyar yadi goma kowa yana iya kama ta, saboda haka mai neman ramuwa yakan buga ta gajere tana birgima a ƙasa ko Allah zai sa nasa su riga. Haka Minnesota ta yi, ƙwallo ta yi tsalle ta wuce hannun 'yan Michigan, wani mai farar riga ya faɗa a kanta. Ɗan yayata ya riƙe mini kafaɗa yana ihu, "Kawu, mun samu, mun samu!" Filin nan duk girmansa ya yi tsit. Can sai muka hango ƙyalle mai ruwan ɗorawa a kan ciyawa, alƙalin wasa ya ce ɗaya daga cikin 'yan Minnesota ya yi satar fage kafin a buga. Aka sake bugu, Michigan ta kama, ta cinye sauran lokacin. Ta leƙo ta koma, kuma har muka bar garin ana ta gardama a kan wannan hukunci.

Ana busa tashi 'yan wasan Michigan suka ruga gefen fili inda aka buɗe akwati aka fito da tulun. Daga inda muke ɗan ƙaramin abu ne a tsakiyar manyan mutane, amma babban allon filin ya kawo shi kusa, na gan shi sarai: gefe ɗaya shuɗi da harafin M mai ruwan masara, ɗaya gefen ruwan zoɓo da nasa harafin M mai ruwan zinariya, a tsakaninsu kuma layukan sakamakon wasanni da aka rubuta da hannu shekara bayan shekara. Kafaɗarsa da gajeren wuyansa da mariƙinsa duk irin na wanda na ɗaga a Red Wing ne. Samarin da suka yini suna ture juna da ƙarfin tsiya suka riƙe shi da hannu bibbiyu, suna miƙa wa juna a hankali kamar jariri ranar suna, suka kai shi gaban ɗalibai 'yan uwansu, ruwan sama yana sauka a kansa.

Muka fito cikin cunkoso muka bi titi a ƙafa zuwa masauki, takalmanmu sun jiƙe sharkaf. Na ce wa yaron ya yi haƙuri, baɗi ma rana ce. Ya girgiza kai ya ce ai baɗi ba za a haɗu ba, domin an daɗe da daina haɗa su kowace shekara, kuma da ƙungiyar wasanninsu ta Big Ten ta kai jami'o'i goma sha takwas, Minnesota an bar mata Wisconsin da Iowa, Michigan kuma Ohio State da Michigan State. Ya ƙirga da yatsunsa ya ce kafin a sake fito da tulun daga akwati shi ya gama karatu. Muka yi tafiya kaɗan babu mai magana, sannan ya tambaye ni ko da gaske yatsana ya zauna a gurbin yatsan maginin nan na Red Wing, na ce masa ƙwarai kuwa, ya ce idan an yi hutu zai hau jirgi ya je ya ɗaga shi da kansa.